Yafiya da Haƙƙi a Masana'antun Kano: Nazari a kan Sharaɗa, Challawa da Bompai

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yafiya a matsayin ibadar yau da kullum tsakanin ma'aikata da masu kamfanoni a rukunan masana'antu uku na Kano. Hujjarta ita ce mutum ba ya yin kyauta da abin da bai mallaka ba, don haka yafiyar da ke kusantar da bawa ga Ubangijinsa tana bukatar a fara tabbatar masa da haƙƙinsa. An dogara da tarihin ƙwadago a Kano da kuma littattafan fiƙihu da tarbiyya da ake karantawa a zaurukan garin.

Gabatarwa

Da wuya a sami kalmar da ta fi "haƙuri" yawo a bakin ƙofar kamfani a Kano. Maigadi yana faɗa wa mai neman aiki, akawu yana faɗa wa wanda albashinsa ya makara, foman yana faɗa wa wanda inji ya datse wa yatsa, lebura kuma yana faɗa wa ɗan'uwansa bayan sun yi cacar baki a kan wanda ya tashi aikin dare ya bar inji a cushe. Amsar ma ba ta cika sauyawa ba: "ba komai." Baƙo zai ɗauka ya shigo cikin mutanen da suka gama koyon yafiya. Wanda ya tashi cikin harshen kuwa ya san "ba komai" iri-iri ce. Akwai wadda ke fitowa daga zuciyar da ta sauke kayanta da gaske, akwai wadda fassararta ita ce "ba ni da yadda zan yi", akwai kuma wadda ake ƙarasawa a ciki da "Allah ya isa" tun kafin a juya baya. Sautinsu ɗaya ne su ukun, amma guda ɗaya ce kaɗai yafiya. Ina ganin rashin bambance su ya cutar da ma'aikaci, ya kuma rage wa wannan ibada daraja a idon matasan da ke kallon yadda ake amfani da sunanta.

Wurin da maganar ta shafa

Bompai ce babba a shekaru. Ta taso a gabashin birni, kusa da layin dogo, tun ƙarshen zamanin Turawa, lokacin da gyaɗa da fata da auduga ke riƙe da kasuwar Kano. Sharaɗa da Challawa sun bunƙasa ne bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, a shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Masaƙu da majemu da kamfanonin mai, robobi, sabulu da alewa suka ɗebi dubban mutane, da yawansu daga ƙauyukan Kano da maƙwabta, wasu daga kudu da tsakiyar ƙasa. Daga 1986, da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, naira ta fara karyewa, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, daga baya atamfar ƙasar Sin ta cika Kantin Kwari. Masaƙu da dama suka rufe, har da masaƙar Gaskiya. Waɗanda suka rage suka koma dogaro da janareto da ma'aikatan wucin gadi da ɗan kwangila ke kawowa. Abin da ya shafi maƙalar nan a cikin wannan tarihi shi ne sakamakonsa: a yau duk wanda ke tsaye a kan inji ya san akwai wasu a bakin get suna jiran gurbinsa, kuma wannan sanin yana shiga cikin kowace "ba komai" da zai furta.

Gunilla Andrae da Björn Beckman, a littafinsu na 1998 kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta Nijeriya, sun kwatanta Kaduna da Kano. A Kaduna manyan masaƙu ne masu ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi da yarjejeniya a rubuce. A Kano kuwa kamfanonin sun fi ƙanƙanta, da yawa na attajiran gari ne da Kwarori, kuma dangantakar aiki ta fi kama da ta ubangida da yaronsa. Wannan tsari yana da alherinsa, don ubangida kan taimaka ranar suna ko rashin lafiya fiye da abin da takarda ta wajabta masa. Illarsa ita ce albashi yakan ɗauki kamannin kyauta. Idan aiki ya zama alfarma, neman cikon kuɗin aiki sai ya zama kamar butulci, kuma "ka yafe" ta zama umarni da aka sa wa rigar nasiha.

Abin da malamai suke nufi da afuwa

Imam Gazali, a sashen Ihya'u da ya keɓe wa fushi da ƙullata da hassada, ya yi wani bambanci da ya dace da masana'anta kamar don ita aka yi shi. A wurinsa afuwa ita ce mutum ya cancanci wani haƙƙi, na ramuwa ko na biyan diyya, sannan ya sauke shi da kansa, kuma ya raba ta da haɗiye fushi. Ya ƙara bayyana asalin ƙullata: fushi ne da mai shi ya kasa hucewa saboda rauni, sai ya koma ciki ya taru. Idan aka bi wannan bayani, leburan da aka zaga a gaban ƙannensa ya sunkuyar da kai ya ce "ba komai" don tsoron sallama bai yafe ba tukuna. Yana kan hanyar da ke kaiwa ga ƙullata ne, kuma mun san inda irin wannan fushin yake sauka da yamma: a kan matar gida, a kan yara, a kan mai adaidaita sahun da ya ƙara masa naira hamsin. Wa'azin da ya yaba masa a kan shirunsa ya tsaya nan, ya bar shi da ciwon bai ba shi magani ba.

Littattafan da almajiri ke farawa da su ma sun ɗora nauyin a inda ya dace. Ahalari ya kawo sharuɗɗan tuba tun a shafukansa na farko, Risala ta Ibn Abi Zaid kuma ta sanya mayar da kayan zalunci ga masu su cikin tuba. Sanannen abu ne a makarantun zaure cewa zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangiji istigfari yana goge shi, amma haƙƙin ɗan Adam sai an biya ko mai shi ya yafe. Hadisin ƙudusi da Buhari ya ruwaito ya sanya wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi ladansa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su. Malamai sun kuma yi gargaɗi a kan abin da aka karɓa da takobin kunya, wato a roƙi mutum a gaban jama'a yadda ba zai iya cewa a'a ba. Wannan gargaɗi yana da nauyi na musamman a ƙasar Hausa, inda kunya take cikin siffofin mutumin kirki, kamar yadda Kirk-Greene ya lissafa a laccarsa da aka buga a 1974. Idan aka tara dattawa aka zaunar da saurayi ɗan shekara ashirin da biyu aka ce ya yafe kuɗin wata biyu albarkacin furfurarsu, zai ce ya yafe. Bakinsa ne ya faɗa, kuɗin kuwa suna nan a wuyan wanda ya riƙe su.

Daga nan ake gane cewa abu biyu ne a cikin kowane laifi da aka yi wa mutum a wurin aiki. Akwai abin da ya taɓa zuciya, wato cin fuska da wulaƙanci da cin amana, akwai kuma abin da ya taɓa aljihu ko jiki. Mutum yana iya wanke zuciyarsa tas daga ƙin foman ɗin da ya yanke masa kwana uku bisa zalunci, ya gaishe shi da fara'a, ya je masa ta'aziyya, ya daina ambatonsa da sharri, kuma duk da haka ya bi kuɗinsa ta hannun ƙungiya ko ofishin ƙwadago ko kotun ma'aikata. Babu karo tsakanin biyun. Ayoyi na 39 zuwa 43 na Suratus Shura sun jera su wuri ɗaya: an yabi masu kare kansu idan an zalunce su, an ɗauke laifi daga wanda ya nemi haƙƙinsa, an ɗora shi a kan azzalumi, sannan aka ɗaukaka mai yafewa da gyarawa. Wanda ya karanta wa ma'aikaci rabin ƙarshe ya ɓoye masa rabin farko bai yi wa ayoyin adalci ba.

Inda yafiya take da sauƙin samu, da inda aka fi bukatarta

Mafi yawan saɓanin masana'anta tsakanin tsara da tsara yake faruwa, kuma a nan ne yafiya take zama ibadar kullum. Wanda ya kai ƙarar abokinsa wurin manaja don neman fada, wanda ya ci adashi ya kasa zubi, wanda ya ranci kuɗin mota ya riƙa kauce hanya, wanda ya faɗi baƙar magana a ƙarshen aikin awa goma sha biyu cikin zafin bazara da ƙarar inji. A duk waɗannan wanda aka ɓata wa yana da ikon ramawa: zai iya tona asiri, zai iya ƙin karɓar wa mutum aiki ranar da ɗansa ba lafiya, zai iya barinsa ya ɗaga buhu shi kaɗai. Idan ya bari alhali yana iyawa, ya yi abin da Gazali ya kira afuwa. Ba na raina wannan ko kaɗan. Mutumin da aikinsa maimaita motsi ɗaya ne daga safe zuwa dare, wanda ba a tambayarsa ra'ayi a kan komai, yana samun a nan wani fili da shi ne mai hukunci a cikinsa, kuma ya zaɓi ya yi wa ɗan'uwansa irin abin da yake fatan Allah ya yi masa. Mai sayar da abinci a bakin get wadda ta yage shafin bashi ranar da aka sallami masu cin abincinta ta san wani abu game da Suratul Baƙara, aya ta 280, ko da ba ta taɓa zama gaban mai tafsiri ba.

Akwai kuma yafiyar da ta ƙetare addini. Musulmi da Kirista suna tsayuwa kan layi ɗaya a waɗannan kamfanoni tun zamanin Bompai, kuma rikicin watan Mayu na 2004, wanda ya biyo bayan kashe-kashen Yelwa a Jihar Filato, ya taɓa unguwannin da ke kewaye da Sharaɗa. Da ƙura ta lafa, mutane sun koma bakin inji kafaɗa da kafaɗa. Kowane ɓangare yana da koyarwar da ke ɗaure gafarar Ubangiji da yafe wa ɗan'uwa, kuma wannan jari ne da ba a cika lissafa shi ba idan ana maganar zaman lafiyar Kano.

Amma wurin da aka fi ƙarancin yafiya, a ganina, shi ne daga sama zuwa ƙasa, alhali can ne misalan addini suka fi nunawa. Annabi Yusuf ya yafe wa 'yan'uwansa yana riƙe da taskokin Masar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yafe wa mutanen Makka ranar da garin ya faɗo hannunsa. Ƙissar da ta fi kusa da ofishin manaja ita ce ta Sayyidina Abubakar da Misɗahu, ɗan'uwansa matalauci da yake ciyarwa, wanda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Abubakar ya rantse ya yanke masa tallafi, aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka, ya mayar masa da abin da yake ba shi. Mai ƙarfi ne aka nema ya yafe, kuma alamar yafiyarsa ta bayyana a abin da ya fita daga aljihunsa. Mai kamfanin da ke kai mutane Umara duk azumi, amma ya kori lebura don ya makara minti goma ko ya lalata ƙunshin kaya bisa kuskure, yana wuce babbar ƙofar lada kullum a cikin harabar kamfaninsa bai waiwaye ta ba.

Sukar da za a iya yi

Ɗan gwagwarmayar ƙwadago zai ce duk wannan ado ne, maganar yafiya a masana'anta maganin barci ce da ke hana talaka miƙewa. Tarihin Bompai bai goyi bayansa ba. Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a tsakanin leburorin Kano a farkon shekarun 1970 ya kuma buga littafinsa a 1986, ya nuna cewa da yawansu sun bi ta makarantar allo, kuma su ɗin ne suka yi yajin aiki a 1971 don a biya su ƙarin albashin da kwamitin Adebo ya ba da shawarar a yi. Tarbiyyar da ta koya musu haƙuri ita ta koya musu cewa cin gumin ɗan Adam zalunci ne. Zan ma ƙara da cewa ma'aikacin da ya wanke zuciyarsa ya fi iya jure doguwar tafiyar neman haƙƙi, domin mai ƙullata burinsa ya ga an wulaƙanta abokin gabarsa, kuma sau da yawa yakan sayar da bukatar jama'a idan ya sami wannan. Duk da haka ban ce sukar ba ta da tushe ba. A watan Yuni na 2020 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da 100 daga wani kamfanin casar shinkafa a Challawa, waɗanda suka ce an hana su fita kusan wata uku tun farkon kullen korona. Duk wanda zai tari irin waɗannan bayin Allah da maganar "ku yafe" kafin a yi maganar hukunci da diyya, ya ba ɗan gwagwarmayar nan gaskiya.

Suka ta biyu daga wajen masu tsoron Allah take zuwa, kuma ta fi nauyi. Za su ce na ƙuntata falala, ai wanda ya yafe komai duniya da lahira ya fi wanda ya tsaya lissafi. Haka ne, idan abin nasa ne shi kaɗai kuma ya bayar da daɗin rai. Sai dai albashin magidanci akwai ciyarwar iyali a cikinsa, wadda wajibi ce a kansa, kuma ba a barin wajibi don neman nafila. Haka diyyar rauni. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun da ake biyan wanda ya ji ciwo a bakin aiki. Cewa "ƙaddara ce" gaskiya ne, amma imani da ƙaddara bai taɓa soke diyya a shari'a ba, ko a kisan kuskure. Wanda ya rasa hannu yana iya yafe wa abokin aikin da ya kunna injin bai duba ba, yana kuma da kyau ya yafe. Idan ya yafe rahoton haɗarin, an bar injin ba murfi, hannu na gaba da zai shiga ba nasa ba ne.

Wannan ya kai mu ga haƙƙin da babu mutum ɗaya da ya isa ya yafe shi. Ruwan majemu da sinadaran da ke cikinsa yana bin rafin Salanta da magudanun Challawa zuwa kogi, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi ya haɗu da na Jakara, inda ake noman rani da shi. Manomi da masunci da mai sayen latas a kasuwa duk suna da rabo a wannan cuta, har da yaran da ba a haifa ba. Mai unguwa ko dagaci zai iya karɓar ban-haƙuri a madadin kansa. A madadin waɗannan kuwa ba shi da wakilci, kuma tuban da ya dace a nan shi ne a tace ruwan kafin a sake shi.

Suka ta uku ita ce wadda na fi jin tsoro: idan yafiya sai da iko, ashe an hana mafi raunin mutane wannan ibada ke nan. Hannah Arendt ta yi wata magana mai kama da haka a littafinta na 1958, cewa mutane ba sa iya yafe abin da ba za su iya hukuntawa ba. Amma Bahaushe Musulmi bai yarda akwai wanda aka bari hannu rabbana ba. Wanda aka zalunta yana riƙe da addu'ar da hadisi ya tsoratar a kanta, yana riƙe da ƙarar da zai shigar ranar da ba lauya ba ɗan kwangila, inda ake biya da kyawawan ayyuka. Shi ya sa harshen ya bambanta "na bar shi da Allah" da "na yafe masa duniya da lahira". Na farkon ya ɗaukaka ƙara ne zuwa kotun da ba a juya ta, kuma halal ne gare shi. Na biyun ya janye ƙarar gaba ɗaya. Ma'aikacin wucin gadi wanda ba shi da takardar ɗauka, ba shi da ƙungiya, wanda wataƙila mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai taɓa isowa gare shi ba, yana da wannan dukiyar a hannunsa, kuma ba mai iya ƙwace ta da barazanar sallama. Idan ya bayar da ita, kyauta ce babba. Saboda girmanta ne bai halatta a matsa masa ya furta ta a gaban taro ba, bai kuma kamata a zarge shi da taurin zuciya ba idan ya ce sai ya yi tunani.

Abin da ya rage ga masu sulhu da limamai

Kano ba ta rasa wuraren sulhu. Akwai zauren mai unguwa, akwai wakilan ƙungiya, akwai Hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003, wadda hedkwatarta ke Sharaɗa, akwai kuma ƙananan masallatan da ke cikin harabar kamfanoni ko bakin ƙofarsu. Jarabawar kowane mai sulhu, ko a ina yake zaune, ita ce ya fi sauƙi a lallashi mai rauni, don shi ne ba zai tashi ya bar wurin ba. Tsarin da ya dace da abin da aka karanta a Risala shi ne a fara tabbatar da adadin haƙƙin, wanda ake bi ya amsa da bakinsa, a ajiye kuɗin ko a sa ranar biya a gaban shaidu, sannan a juya ga mai haƙƙi a kwaɗaitar da shi falalar yafiya, zai fi kyau a keɓe. A wannan lokaci ne idan ya ce ya yafe rabi ko duka, maganar take da ma'ana a ƙasa da sama.

A jana'izar ma'aikaci al'ada ce a yi shela cewa duk mai bin mamacin bashi ya zo ya faɗa, a kuma roƙi jama'a su yafe masa, kuma akan yafe nan take. Tambayar da ba a cika ɗaga murya a kanta ba ita ce ta ɗaya gefen, wato su wa mamacin yake bi. Ragowar albashinsa da kuɗin sallamarsa da diyyarsa sun zama gado tun daga lokacin da ya cika, kuma idan akwai ƙananan yara a cikin magada, rabonsu dukiyar marayu ce, wadda a fiƙihun Malikiyya ko waliyyinsu ba shi da hurumin yafe ta. Limamin da ya sallaci gawar yana da damar faɗin haka a gaban wakilin kamfani da ya zo ta'aziyya, tun kafin a naɗe tabarmi.